Iya Sengamalam da Bijimi Mai Idanu

Ban taɓa rubutu don mutane su karanta ba. Amma ranar Juma'a Iya Sengamalam za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da takwas, kuma ban ji wani yana shirin cewa komai ba.

Kullum kafin masunta su tura jirage, tana farfajiyar haikalin abin bautarmu Shiva da ke bakin tekunmu. Takan jiƙa tsofaffin takardu da ruwan saman da ta tara, ta kirɓa su a turmi har su koma kamar tuwo, ta shafe jikin dutse da su. In sun bushe ta ɓamɓare, ta gutsura ta ɗanɗana. In ta ji gishirin da takardar ta tsotso daga dutsen, ta sake shafawa. Iskar teku ce ke cusa gishirin cikin dutse, shi kuma yana cinsa ta ciki, shekara dubu ke nan. Bijimai arba'in na dutse ke kewaye da haikalin. Duk fuskokinsu sun suɗe, sai ɗaya tak a kusurwar gabas da har yanzu yake da idanu.

Bara, saura kwana tara bikin tsarkake haikali da ake yi duk shekara goma sha biyu, Kawu Velayudam shugaban kwamitin biki ya iso da magina da siminti da fenti don a shafe bijimi mai idanu. Ba mugunta ba ce. A garinmu ko bukka ba ta tarbar biki sai da sabon fenti. Ina zaune a matakala da littafi, na kasa juya shafi.

Iya ta tsaya gaban bijimi mai idanu.

"Iya, matsa," in ji Kawu. "So kike baƙi su zo daga birnin Chennai su tarar da shi da tuwon takarda a goshi, kamar mai ciwon kai?"

"Ciwon gare shi, ɗana. Kai kuma za ka sa masa riga kan gyambo."

"Yaushe kika zama injiniya?"

"Ni mai lasar dutse ce. Uwarka ma haka take ce min."

Babu wanda ya yi dariya. Magini ya riga ya ɗebo kwaɓi, wani daga baya yana cewa a ɗauke ta kawai. Ta rungume wuyan bijimin da hannu ɗaya, da ɗayan ta nuna na kusa da shi, fari fes, wanda mahaifin Kawu ya sa aka shafe da siminti shekara ashirin da huɗu da suka wuce, lokacin tana kwance da zazzaɓi.

"Bari in taɓa wancan sau ɗaya."

"Aikin babana ne. In ba ki sami komai ba, yau za ki bar haikalin nan, mu shafe wannan."

"Na yarda."

Ta cire takalmi, ta roƙi gafarar bijimin, ta ƙwanƙwasa hancinsa. Ya amsa kamar ƙwarya. Ta danna da babban yatsa. Simintin ya faɗo, hancin ya biyo shi, dutse yana zubowa kamar gari. Ta ɗiba ta miƙa wa Kawu.

"Lasa."

Ya karɓa. Sai ya lasa, ya tofar.

"Gishiri yana ciki, aka rufe masa ƙofa," in ji ta. "Ina zai dosa in ba ciki ba?"

Kawu ya juya wurin maginan. "Ku kwashe kayanku," ya ce.

An yi biki bijimin ba fenti, sai furanni a wuya. Tun lokacin duk tsohuwar jaridar shagon Kawu turmin Iya take zuwa.

Iya, ke ce harshen da ke jin ciwon dutse. Waɗanda suka sassaƙa bijiman nan ba a san sunansu ba, ke ma saura kaɗan mu yi miki haka. Leɓunanki sun tsattsage don jikokinmu su ga idon da kakanninmu suka gani. Mun gode, mun gode.

Ku kuma mutanen garinmu, gishiri ba ya ajiye aiki. Iya ta ce za ta koya wa duk wanda ya zo, ba ta neman komai sai haƙuri da harshe mai lafiya. Ranar Asabar turmin yana nan inda ta bar shi, bijimin kuma yana da idanu. Zai ga wanda ya zo.