Nutso da Hannun Hagu

Injin sussukar masara ne ya ci mini hannun dama. Muna aiki a wata gona bayan Birnin Kudu, ina tura masara a bakinsa, hannun rigata ya maƙale, injin ya ja. Na ji ƙarar karyewar ƙashina kafin in ji zafi. Mai injin ya ruɗe ya kasa kashe shi, sai da wani ya sare bel ɗin da adda. Jinina ya ɓata masarar mutane har ta kasa ciyuwa. A asibiti aka yanke abin da ya saura, daga saman gwiwar hannu.

Kafin wannan, ni ake kira idan ruwa ya ci mutum a unguwarmu. Ba sana'a ba ce, tun ina saurayi na iya. A ɗaura mini igiya a ƙugu, in ja numfashi, in nutsa in yi ta lalube har in taɓo mutum.

Daminar da ta biyo baya wani mai wankin babur ya zame a kududdufin bayan kasuwa. Na isa na tuɓe riga. Yayana ya riƙe ni, na fizge, sai ya kifa mini mari, ya kayar da ni a laka, ya ɗora gwiwarsa a kan dungun da bai gama warkewa ba. Na yi ta ihu ina cizon ƙasa. Ya ce gawa ɗaya ta ishi garin nan yau. Mutumin nan sai da ya kumbura ya taso da kansa, ’yan uwansa suna zaune a bakin ruwa suna kallo.

Daga baya na ji labarin wata ƙungiya da ke koya wa naƙasassu nutso da tukunyar iska a Kano, na je. A wurin wankan wani otel aka yi. Ruwan garau, kana ganin ƙasansa. Mutum biyu suka riƙe ni, ɗaya dama ɗaya hagu, suka ɗan dulmiya ni, suka fito da ni, aka tafa, aka ɗauki hoto. Na tambayi malamin me zan yi idan abin shaƙar ya fita daga bakina a ƙarƙashin ruwa. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, kullum akwai wanda zai kasance kusa da ni. Mutanen kirki ne, amma na dawo gida ban iya komai ba.

Wani direban motar haya ne ya ba ni labarin wani tsohon sojan ruwa da ya yi ritaya ya koma gida Gwaram. Ya ce yana da tukwanen iska da injin cika su, shi ake nema idan famfon ban-ruwa ya toshe a gindin kogi ko mota ta faɗa. Na same shi a ƙofar gidansa yana wanke tiyo a baho, gajere, mai kaurin wuya, gashinsa fari fat. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dubi dungun nan ya daɗe, sannan ya ce in ɗaga riga ya ga inda aka yanke.

Ya ce, "Ni ba na koyar da tausayi. Abin da zan yi wa mai hannu biyu shi zan yi maka. Idan ka mutu a hannuna, ni za a kama, don haka sai na tabbata ba za ka mutu ba."

Na ce, "Baba, abin da na zo nema ke nan."

Wurin koyon wani rami ne da masu aikin hanya suka fasa dutse suka bari, ruwa ya cika shi. Ruwan kore ne, mai sanyi, idan ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. Da farko ya hana ni taɓa tukunya. Iyo kawai, daga wannan baki zuwa wancan, ina karkacewa kamar kwale-kwalen da ake tuƙawa ta gefe ɗaya, shi yana kan dutse yana jifana da tsakuwa duk lokacin da na tsaya.

Da ya ɗora mini kayan, sai matsalar ta fito. Tiyon abin shaƙar ta kafaɗar dama yake zagayowa, kuma idan ya suɓuce, da hannun dama ake sharo shi. Na ce ya juya mini shi hagu. Ya ce zai juya, amma ba yanzu ba, domin wata rana kayan aro zan saka.

Muka nutsa muka durƙusa a kan wani falalen dutse. Ina shaƙa ina fitarwa, ina jin daɗin abin, sai kawai aka fizge abin shaƙar daga bakina har leɓena ya tsage. Na kai hannu, ba hannu. Na kai hagu, bai isa ba. Ƙirjina ya fara bugawa, na haɗiyi ruwa, na yunƙura zan yi sama, tsohon ya riƙe ni ta bel ɗin dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu don ƙarin nauyi, ya maido ni. Ban san lokacin da na kai masa karo da goshi ba. Na ji hancinsa ya ba da wata ƙara. Duk da haka bai sake ni ba, ya cusa mini nasa abin shaƙar a baki, ya haura da ni a hankali.

A kan dutse na yi ta amai. Shi kuwa haɓo yana zuba a farin gemunsa, ko gogewa bai yi ba. Na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa sa'an ubana ba. Ya bari na gama, sannan ya ce da ya sake ni na yi sama da iskar tukunya a ƙirji ina riƙe da numfashi, da huhuna ya fashe kafin in ga rana. Ya nuna mini yadda zan kwanta kan ɓarin dama tiyon ya reto gabana, in cafke shi da hagu. Ya ce mu koma.

Haka muka ci rani. Ya fizge mini gilashin fuska. Ya lallaɓo ta baya ya murɗe kan tukunya, iska ta yanke. Ya lulluɓa mini tsohuwar ragar masunta, na yi ta yankanta da wuƙa, na yanki cinyata ban sani ba sai da muka fito. Ya sa na ci tuwo na ƙoshi sannan muka nutsa, don in koyi yin amai ta cikin abin shaƙar ba tare da na cire shi ba. Matata ta ga jikina duk shati da yanka, ta ce wannan tsohon kashe ni yake son yi. Wasu ranakun ni ma haka nake gani.

Da ruwa ya sauka sosai, wata akori-kura da ta ɗauko ’yan kasuwa ta zame a mashigin wani rafi da ya cika, a hanyar Maruta. Yawancinsu sun fita, amma wani dattijo mai sayar da awaki yana gidan gaba, ya nutse tare da motar. Direban ya tsira. Aka aiko a kira tsohon sojan, na bi shi, da muka isa an kewaye direban, ana dukansa da sanduna da duwatsu, kansa ya fashe, yana rarrafe yana roƙo. Tsohon ya ajiye tukunya, ya ɗauki bel ɗin dalma ya shiga tsakiyarsu yana wulwula shi. Wani ya kai masa sanda a kafaɗa, shi kuma ya same shi a haƙarƙari, mutumin ya zube. Da kyar aka janye direban aka tura shi cikin wani shago aka rufe. Kafaɗar tsohon ta goce, hannun yana lilo. Ya dube ni ya ce in saka kaya.

Ruwan ja ne, yana gudu da kara da itace. Aka ɗaure igiya a bishiya, na bi ta ina sauka. Mai nutso yana toshe hanci ya hura don kunnuwansa su buɗe, ni kuwa hannuna yana kan igiya. An koya mini in naɗe ta a ƙafa in saki hannu, amma ruwan yana fizgata, na yi gaggawa. Wani abu ya soke ni a kunnen hagu kamar ƙusa, ruwan sanyi ya shige kaina, duniya ta fara juyawa. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Amai ya taso, na yi shi a cikin abin shaƙar, na ci gaba da numfashi, na ƙanƙame igiya har juwar ta lafa.

Motar tana kwance a gefenta. Na laluba na sami taga, gilashin ya fashe, ya yanke ni a damtse. Na taɓa rawani, sannan fuska. Ƙafar dattijon ta maƙale a ƙarƙashin kujera, na yi ta ja har na ji wani abu ya karye. Na zura masa igiya ta hammata, na ja ƙullin da haƙori, na girgiza wa na sama.

Da na fito, jini yana bin wuyana daga kunne. Ɗan dattijon ya shigo ruwa har ƙugu ya karɓi mahaifinsa, ya rufe masa fuska da rigarsa. An yi jana'izarsa kafin la'asar.

Mota ɗaya ta kai mu asibiti mu uku, ni da tsohon da direban, wanda yake ta nishi a kan cinyata. Likita ya ce dodon kunnena ya fashe, kada in kusanci ruwa sai ya haɗe. Ya haɗe, amma har yau idan mutum yana hagu da ni sai na juyo masa da ɗayan. Tsohon bai yaba mini ba. A gadon asibiti, kafaɗarsa a ɗaure, ya tambaye ni ta yaya kunnen ya fashe, na gaya masa. Ya ce idan na warke za mu koma ramin dutse, mu fara sauka da igiya daga farko.