Akori-kurar da Na Cire wa Hannun Ƙofa

Edita, ina roƙon a ɓoye sunana. A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, ni matashin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, da digirina da ƙaramin ofis mai sanyi, ga albashi an ƙara, ga wayar salula ta shigo. Ban yi aure ba, ba na shan komai, amma ina da cuta guda: son a juyo a kalle ni. Abokan aikina kowa ya sayi irin mota ɗaya, baƙa mai sulɓi, har sai mutum ya duba lamba kafin ya gane tasa a wurin ajiye motoci. Ni kuwa na ce ba zan ɓace cikin taro ba.

Mahaifina ɗan kasuwar doya ne a Karshi, ya zauna can tun Abuja tana daji. Da ya rasu aka raba gado, tsohuwar akori-kurarsa ta faɗo a rabona, irin mai zagayayyun fitilun nan, wadda ta girme ni. A bayanta aka kai ni makarantar kwana, ina zaune kan buhu. Ƙofar gefen mahaifiyata ma da igiya ake ɗaure ta. Yayyena suka yi ta yi mini dariya, wai na gaji kaji da ɗakin kwanansu, don a lokacin kaji ne ke ƙwai a cikinta. Ni kuma na riga na ga hotuna a mujallun motoci na ƙasashen waje, inda ake ɗaukar tsohuwar akori-kura a mai da ita abin yanga, sai na sa aka jawo ta zuwa wani gareji a Dutse Alhaji.

Mai garejin dattijo ne mutumin Filato, Kirista, gwanin walda da gyaran bodi, mai irin Hausar nan da ke kiran mota "shi". Wata bakwai muna abu ɗaya. Aka sa mata babban inji, aka sauke ta ƙasa har ta kusa lasar kwalta, aka yanke rufin aka rage masa tsawo, tagogin suka koma 'yan sirara. Aka yi mata jan fenti da faffaɗan tayoyi da salansa mai ruri. Akwatin kayan aikin Baba da ke bayan kujera na sa aka fitar, aka dasa lasifika a wurin. Duk wannan dattijon ya yi, yana girgiza kai. Inda muka yi rigima shi ne hannun ƙofa. Na ce a cire na waje da na ciki, a shafe wurin sumul, ƙofa ta riƙa buɗewa da rimot da maɓalli, gilashi ma haka. Ya ajiye abin waldarsa ya ce, oga, wuta tana mutuwa, a bar ko waya ɗaya a ƙarƙashin kujera wadda mutum zai ja da hannu. Na ce masa zai ɓata mini tsari, kuma ba shawara na zo saya ba. Har yau ina jin kunyar wannan magana. Ya ɗauki abin waldarsa, ya yi abin da na ce.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ranar Asabar in na ratsa ta kasuwar kifi ta Kado, masu kifi kan bar teburinsu su zo kallo. In na danna rimot ƙofa ta buɗe da kanta, sai ka ji ana salati. Daraktanmu da bai taɓa sanin sunana ba, sai da ya sauko ya leƙa cikinta. Kaina ya kumbura ƙwarai.

Da damina ta yi nisa, mahaifiyata ta zo wurina ganin likita saboda ciwon gwiwa. Mace ce mai jiki, tafiya ma da sanda. Ranar komawa ta ce tana so a mai da ita gida a motar Malam, don tun rasuwarsa ba ta shige ta ba. Da na kai ta gaban motar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ina motar take. Na ce ai ga ta. Ta zagaya ta da sandarta, ta ce wannan ai kwaɗo ne aka shafa wa jan baki. Ta laluba ƙofa ba ta sami abin kamawa ba, na danna rimot ina jiran yabo, ita kuwa ta ce Allah ya kyauta. Da ƙyar na lanƙwasa ta ta shiga.

Bayan la'asar muka wuce Orozo, hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar ana juye bokiti. Akwai wani kwari kafin Karshi inda rafi ke haye hanya in an yi ruwa mai yawa. Baba ya ratsa wurin nan sau ba adadi da doya har sama, don a lokacinsa motar doguwa ce. Na ga wata babbar motar doya ta tsaya a gefe tana jira, mahaifiyata ta ce mu ma mu jira. Na ce injin nan ya fi ƙarfin wannan ɗan ruwa. Na manta cewa ni da kaina na sa aka sauke ta ƙasa. Muna tsakiya injin ya yi tari ya mutu, fitilun gaban sitiyari suka ɗauke gaba ɗaya. Na danna maɓallin ƙofa, shiru. Na danna rimot, na danna na gilashi, shiru. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasa, mai sanyi, jajaye da laka, ya rufe mana idon sawu.

Na doki ƙofa da kafaɗa har ta yi tsami. Na kai hannu bayan kujera neman sifana ko jak, hannuna ya taɓa lasifika. Na bugi gilashi da wayata, wayar ce ta fashe. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, motar ta fara motsi tana jan gindi zuwa bakin kwalbati. Mutanen motar doya suka shigo ruwan riƙe da igiya, kuma abin da ba zan manta ba har in mutu shi ne hannayensu. Ina kallo ta gilashi, maza huɗu suna shafa jikin ƙofa sama da ƙasa suna neman abin da za su ja, suna yi mini ihu in buɗe, ni ma ina yi musu ihu su buɗe. Babu abin kamawa ko na yatsa ɗaya, don na biya an shafe shi.

Wata mata Bagwariya da ta fake da itacenta a gindin bishiya ita ta shigo da gatari, ta sari gilashin gaba har ya rufta. Amma tunda an rage rufin, ramin bai fi a zura ɗan siririn mutum ba. Ni zan wuce, mahaifiyata ba za ta wuce ba, mu duka mun gani. Ruwa ya kai mata ƙirji. Ta daina salatin da take yi ta ce in fita. Na ce ba zan fita ba. Ta ce umarni take ba ni, ta yafe mini duniya da lahira, kada in sa ta rasa ɗa a motar mijin da ta riga ta rasa. Edita, na fita. Ina gaya wa kaina cewa daga waje zan fi amfani, kuma wataƙila haka ne, amma na san tsoro ma ya tura ni. Na tsaya kan bonet ina riƙe da hannunta ta ramin, ina kallon ruwa yana hawa wuyanta, tana ɗaga haɓa.

Direban motar doya ya kawo dogon ƙarfen cire taya. Matar nan ta sari bakin ƙofa da gatari har ya buɗe ɗan wuri, aka cusa ƙarfen, maza uku suka danna, ƙofar ta ɓalle. Suka ciro ta ruwa na shiga bakinta, suka ɗauke ta a kafaɗa zuwa tudu. Ta yi makonni a asibiti da ciwon ƙirji, kuma daga nan ba ta ƙara samun lafiya sosai ba har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara biyu. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta gaya wa yayyena yadda aka yi ba. Sau ɗaya kawai, ina ba ta magani, ta yi murmushi ta ce ta sha yi wa Malam mita kan igiyar ƙofar nan, ashe igiyar tana da kirki, ko yaushe ta ja sai ta kwance. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da aka jawo gawar motar zuwa gareji, dattijon bai ce ai ya faɗa mini ba. Ya tambayi jikin Mama, ya shiga ciki ya fito da wani gwangwanin madara, ya miƙo mini. Hannayen ƙofar Baba ne a ciki, duka huɗu, ya shafa musu mai ya ajiye. Ya ce ya san wata rana za a neme su. A gaban mutane na zauna kan tsohuwar taya na yi kuka.

Yanzu na manyanta, ina da 'ya'ya masu son a kalle su kamar yadda na so. Abin da na koya shi ne, in mai sana'a ya ajiye kayan aikinsa ya ce maka kada ka yi, to ka saurara, ko da kai ne mai digiri. Masu gyara motoci don yanga, ban hana ku fenti da ruri ba, amma ku bar wa ƙofa hannunta, ku bar ƙarfe ɗaya a bayan kujera, kuma in kun ga manyan motoci sun tsaya a bakin ruwa ku tsaya. Ba ku san wa za ku ɗauka ranar ba. Hannu ɗaya daga cikin huɗun nan yana cikin aljihun teburina a ofis, na gefen da mahaifiyata ke zama.