Ƙasusuwan Kazar Mayo Ulo

Shekaru sun ja, wataƙila na haɗa wani abu da wani, amma ranar da muka buɗe tukunyar nan ba ta fita raina ba.

Zamanin Jamus ne, ban daɗe da gama makarantar gwamnati ta Garwa ba, aka ɗauke ni tafinta. Aikina in juya magana, in rubuta abin da aka gani, in sa hannu. Da damina, ina jin, leburorin hanya suka haƙo wani tsohon kabari kusa da Mayo Ulo: mutum a zaune, tukunya a gefensa. Washegari muka iso da Laftanar, Baturen da ke kula da aikin. A cikin tukunyar akwai ƙasusuwan tsuntsu.

Laftanar ya yi ta murna. Ya ce mutanen dā suna binne tsuntsu don ya yi wa mamaci jagora. Ya sa na rubuta haka, na sa hannu. Aka zuba ƙasusuwan a akwatin da zai bi jirgin ƙarshe kafin ruwan kogin Binuwai ya janye, har Jamus, da sunana a kai.

Ina shirya kayan sai na ga tururuwa na bin ƙashin cinyar tsuntsun. Na shinshina. Yaji!

Na ja Baba Dabala, helma, wato shugaban leburori, gefe. "Baba, wannan tsuntsun na yaushe ne?"

"Na jiya. In ka tashi mai barci, ai sai ka ba shi haƙuri. Muka yanka masa kaza, muka ci, muka ba shi ƙashi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Malam, ka tambayi tukunya, ba ka tambaye ni ba."

Na yi ta zagaya akwatin ina tunanin kora. Daga ƙarshe na je na faɗa wa Laftanar. Laftanar ya yi ja har kunne, ya tambayi Dabala wa ya koya musu haka. "Kakanni," in ji shi. Sai Baturen ya ce in goge "dā" in sa "jiya", sauran a bari. Ƙashin kuwa Dabala ya hana a ɗauka, wai rabon mai kabari ne.

Tun daga nan ba na sa hannu sai na tambayi mai riƙe da diga.

In akwai wanda ya halarta, ya aiko mini da gyara. Musamman ban tabbata ba ko kaza ce ko zabuwa, don ba a ɗanɗana mini ba.