Sitiyarin da Ba Ya Jin Maganar Kowa Sai Tawa

A-kori-kurar kawuna ta girme ni, kuma akwai lokacin da duk Haɗeja ba mai iya tuƙa ta sai ni. Ba cika baki nake ba. Sitiyarinta ne ya yi sako-sako. Ka murɗa shi dama, ya yi ta juyawa shi kaɗai, tayoyin suna can suna shawara, sai sun ga dama su biyo. In kana so ka sha kwana a bakin kasuwa, tun daga wajen masu faci za ka fara lallashinta. A hannuna ta lalace, kaɗan-kaɗan, don haka kullum ta ƙara taɓarɓarewa ni kuma na ƙara gwanancewa.

Boko dai a aji biyu na sakandare muka yi sallama, malamai ba su yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Amma a kan jingar nan da ake bi zuwa gonakin shinkafa ta wajen Auyo, dama ruwa, hagu doguwar ciyawar fadama da ake kira kachala, faɗinta iyakar mota, ni ne farfesa. Matan da ke kai bandar kifi kasuwa sai sun leƙo taga tukuna. "A'a, direbanmu ne, ku hau." Wallahi in suka faɗi haka har zamana canzawa yake.

Sai ga taubashina ya dawo daga Kano. Ɗan kawu ne na cikinsa, ni kuwa ɗan ƙanwa, don haka tun muna yara bawa yake kirana. Ya ja motar wani alhaji a can, ya dawo da lasisi a leda, da baƙin tabarau, da turaren da ke riga shi shiga zaure. Washegari ya miƙo hannu.

"Bawa, kawo makulli ka ga tuƙin birni."

"Ga shi, ranka ya daɗe. A yi a hankali, ba ta son baƙi."

Ko layinmu bai fita ba ta nufi teburin mai shayi. Yana murɗawa, tana tafiya abinta. Mai shayi ya suri butarsa ya haye dakali yana salati. Da ƙyar birki ya cece su. Na yi dariya har da zama a ƙasa.

Dariyar nan ce ta ja min. Da ban yi ba, ƙila da ya haƙura. Kai tsaye ya wuce wajen kawu ya ce, "Baba, wannan ai ba mota ba ce, makara ce." Kawu ya sa aka kira ni.

"Kai, haka sitiyarin ya koma ba ka faɗa ba?"

"Kawu, lafiyarta ƙalau. Hali ne da ita, sai wanda ya san ta."

"A haka kake ɗaukar matan mutane a kan jinga?"

Na sunkuyar da kai, amma lissafina daban. In aka gyara ta, kowa ya zama direba. In kuwa kowa direba ne, tsakanin ɗan gida mai lasisi da ni, wa za a ba makulli?

Bakaniken kawu wani mutumin Filato ne da ya daɗe a garin, kowa oga yake ce masa. Ya buɗe gaban motar, ya ce in riƙa kaɗa sitiyari. Ya leƙa, ya yi tsaki, ya kira ni in gani. Sandar da ta sauko daga sitiyari zuwa ƙasa tana da gaɓa, gaɓar ta cinye, tsatsar ruwan damina ta gama da ita. Sama na juyawa, ƙasa na tsaye.

"Oga, ba za a ɗan ɗana mata walda ba? A bar mata lilon nan kaɗan, ta saba."

"Walda a sandar sitiyari? Kana da wani ran a ajiye a gida ne?"

Taubashina da kansa ya je Kano ya samo wata sandar, don dai a san shi ya kawo. Oga ya miƙar da tayoyi, ya ɗaure sitiyarin da igiya kada ya motsa, ya kwance noti sama da ƙasa. Tsohuwar ta ƙi fita sai da guduma. Ni kaɗai na ga ƙoƙarinta. Ya zura sabuwar, ya ɗaure, ya shafe ta da giris, taubashina na tsaye a kansa hannu a aljihu kamar shi ya ƙera motar.

Kawu bai ƙwace makullin nan take ba, yana da adalci. Ya ce mu je ɗauko shinkafa, in ja, shi a gefena, taubashina a baya. Cikin gari na yi ta kaffa-kaffa, ina jin ta wani iri, kamar an canza min takalmi. Da muka hau jinga sai na saki jiki, ai gidana ne. Akwai wata kwana wajen wata giginya. Tun kafin mu kai, hannuna ya fara murɗawa kamar kullum, ba tare da ya shawarce ni ba. Motar kuwa, wadda a da take ɗaukar lokaci tana tunani, ranar nan take ta ce to. Kafin in ankara tayar gaba ta gangara cikin kachala, taɓo har ƙofa.

Ba wanda ya ji ciwo, sai hular kawu da ta faɗa ruwa. Manoma suka taru suka turo mu. Kawu ya matse hularsa, bai yi faɗa ba, ya zare makullin ya miƙa wa taubashina.

"Bawa," in ji taubashina, "haye baya, in an yi lodi ka riƙe min buhuna da kyau."

Kwanar da na sha gumi kafin in iya, da hannu ɗaya ya sha ta, gwiwar ɗayan a waje tana shan iska.

Yanzu a kan buhuna nake tafiya. Matan kifi suna leƙa taga su ce wa taubashina "direbanmu", ko kunya babu, sannan su miƙo min kwali in ɗora. Tsohuwar sandar tana ɗakina bayan ƙofa, na hana 'yan gwangwan. Na taɓa tambayar oga, a wasa, ita sabuwar yaushe za ta fara lilo. Ya ce in ana sa mata giris, sai na yi jikoki.

Sa giris ɗin kuma ni kawu ya ɗora wa. Ina sawa, tunda ni ma ina ciki, ga matan mutane. Amma ban taɓa sa shi da fara'a ba.