Banɗakina da Kunyar Suruki

Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina, ruwa ya zaizaye ƙarƙashin banɗakin gidana a Wudil, daɓen ya tsage. Na rami ne, mai zurfi kuwa. Magini ya ce sai bayan Sallah. Magini ke nan, Allah ya shirye shi!

Ranar suyar nama gida ya cika da dangi. Na jingine tsohon turmi a bakin banɗakin, na bi kowa da gargaɗi, yaro da babba: mai uzuri ya shiga maƙwabta. Wanda duk ya rufta a gidana, ai ni za a tambaya.

Da hantsi sai ga surukina daga Indabo, dattijo mai jiki, tubarkalla. Na durƙusa na gaishe shi, aka kawo fura, ya sha ya ƙara. To, ku faɗa mini, wane ɗan halas ne zai dubi idon surukinsa ya yi masa zancen banɗaki? Na raɗa wa matata ta gaya masa. Ta zaro ido ta ce, "Ni? Baban nawa? Kai ne maigida!"

Muna cikin wannan ja-in-ja sai surukin nawa ya ɗauki buta. Na sha gabansa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, ya damina?"

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya ture turmin da ƙafa ya shige.

Muka ji ruf! Sai shiru. Ashe ƙafarsa ɗaya ta nutse har cinya, shi ma kunya ta hana shi kiran mijin 'yarsa. Ina waje ina gyaran murya, yana ciki yana gyaran murya. Da na ji daɓen ya sake ƙara, na ce kunyar nan ta ci gidansu, na runtse ido na faɗa ciki na janyo shi. Takalminsa dai yana can har yau.

Ya tsira da targaɗe. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na zuba sabon daɓe da rodi, wanda ko sa zai iya takawa. Duk Sallah yana zuwa gidana, mu gaisa lafiya lau, ya sa wa jikokinsa albarka. Amma ko ruwa aka kawo masa, sai ya ce ya ƙoshi.