Itacen da Na Tsinta a Hanyar Tunga

Ni mutuniyar tudu ce. A Tambuwal aka haife ni, a Jabo na yi aure, kuma ruwan da na sani bai wuce na rijiya da na randa da wanda ke zubowa daga indararo ba. Na faɗi haka tun farko ne don kada wani ya ce taɓaɓɓiya ce ta aikata abin da zan ba da labari. Da hankalina na yi shi, har ina yaba wa kaina wayo.

A shekarar, ƙanen mahaifiyata ya rasu a wani gari na bakin gulbi, can gaba da Kebbe. Damina ta yi nisa, ruwa ya cinye hanya, ko babur ba ya zuwa. Aka ce sai dai jirgin ruwa. Inna ta ce ko a kan faifai ne sai ta je gaisuwa. Idanunta kuwa sun riga sun yi yana, haske da inuwa kawai take rarrabewa. Ni ce 'yar fari, don haka ni aka ɗora wa rakiya. Kuma saboda ni ce 'yar fari, tunda na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Ke wannan” take ce mini, ko a gaban 'ya'yana.

Jirgin na katako ne mai inji, an danƙara masa buhuna da awaki da babura biyu da mu. In ya ɗan karkata sai in damƙe gwiwar Inna, ita kuma ta ce, “Ke wannan, sake ni, ba ni ce matuƙi ba.”

Wajen azahar muka tsaya a wata gaɓa mai tudu don a ɗauki buhunan shinkafa. Mai jirgin, wani dogo mai faffaɗan ƙirji, ya miƙe ya ɗaga murya.

“Jama'a, da la'asar nika tashi, ba ni jiran kowa. Ruwa na tafowa. Mai son shiga tunga shi dakata, in anka ƙare lodi a samu mai raka shi.”

Na ɗaga kai na dubi sama. Tas take, ko ɗigon girgije babu, rana sai ƙuna take. Na ce da matar da ke kusa da ni, “Ji mutum! Wane ruwa? Daga aljihunsa zai fito?” A garinmu in ba hadari, ba ruwa. Ban san gulbi yana cika da ruwan da aka yi jiya a wata ƙasa mai nisa ba.

Inna ta raɗa mini tana son kewayawa, ga kuma salla. Gaɓar fili ce fetal, cike da maza masu lodi. Tungar, wato ƙauyen masunta, ga ta can a kan wani tudu, ana hango rufin ɗakunanta da hayaƙin banda. Tsakaninmu da ita fadama ce kawai, shimfiɗe. Na ce wa mai jirgi za mu je mu dawo.

“Hajiya, ku jira mai rakiya,” in ji shi.

“Malam, garin da nake gani da idona za a raka ni? Na yi maka kama da amarya?”

Mutane suka yi dariya, ni kuma na ji daɗin dariyar. Na kama hannun Inna muka gangara.

Hanyar siririya ce, tana lanƙwasa kamar ba ta san inda za ta ba. Dama da hagu ramuka ne inda ake ɗibar laka don gini, wasu zurfinsu ya fi tsayin mutum, da ɗan ruwa kore kwance a ƙasansu. A gefen hanyar kuma sai ga sanduna a kakkafe cikin laka, nan ɗaya, can ɗaya, wasu a karkace. Geza ce, busasshiya ƙayau, kowace ta fi ni tsayi.

To, duk macen da ta yi girki da damina a garinmu ta san abin da na ji. Sati uku ina fama da ɗanyen itace, ina hura wuta har idanuna su yi jawur, tuwo yana warin hayaƙi. Ga busasshen itace a daji, babu shinge, babu gona, babu mai shi. Kuma gidan makoki za mu, inda tukunya ba ta sauka daga murhu. Na ce a raina, makiyaya ne suka yi wasa suka bari. Na taɓa ɗaya, ta fito salin alin. Na zare ta biyu. Kafin mu kai ƙarshen fadamar ban bar ko ɗaya ba.

“Mi kika ta tsayawa yi?” Inna ta tambaya.

“Itace na samu, Inna. Na banza.”

“Hmm,” in ji ta.

Na ɗaure su da igiyar kaba, dami guda mai kyau. Da muka iso bakin tunga na ji kunyar shiga gidan mutane da kaya a ka, sai na tura damin bayan wata bishiyar giginya, na ce in mun fito na ɗauka.

Mutanen kirki ne, wallahi, shi ya sa abin yake ƙara cin raina. Gidan farko da muka yi sallama, wata tsohuwa gajera, baƙa, mai jijiyoyi a hannu, ta karɓe mu kamar ta san da zuwanmu. Ta kai Inna bayan gida da kanta, ta kawo buta, ta shimfiɗa tabarma. Muka yi salla. Aka kawo fura, aka kawo kifi mai zafi daga kan banda. Inna da tsohuwar suka shiga hirar mutanen da, wa ya auri wa, wa ya rasu. Ni kuma na zagaya gida biyu uku ina kallon taruna da manyan gorunan da masunta ke kwanciya a kai su bi ruwa. Na manta da jirgi sam, sai da na ga inuwar katanga ta miƙe.

Muka yi sallama a gaggauce. Tsohuwar ta rako mu ƙofar gida, ta ce, “Ruwa ya shigo fadama, amma kada ku ji tsoro. Ku bi turaku. Ku bar su ga hannunku na dama, kada ku saki ko ɗaya. Bai wuce muku gwiwa.”

“Waɗanne turaku?” na ce.

“Sandunan da munka kafa bakin hanya. Ai kun gan su da kuna tafowa.”

Innalillahi. Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce, Iya, na yi ɓarna. Kalma uku ko huɗu ce. Amma ga furarsu a cikina, ga mata sun fito suna kallonmu, ga dariyar da na sa aka yi wa mai jirgi tana yi mini amo a kunne. Na ce, “Eh, mun gan su. Allah ya saka da alheri.”

Da muka zagayo bayan giginya sai na duba fadamar. Babu fadama. Ruwa ne ja, shimfiɗe tun daga gindin tudu har gaɓar da jirgi yake, yana tafiya a hankali da ciyayi a bisansa. Babu hanya, babu ramuka, duk sun zama abu ɗaya. Na ɗauki damin na ɗora a ka. Ba don in mayar ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Don kada a gan shi ne.

Na ce a raina ai na tuna hanyar. Na ba Inna haɓar zanena ta riƙe, muka shiga.

Ruwan ya kama idon sawu, ya kama ƙwauri. Laka tana tsotse takalmi, na bar nawa a nan. Ina jan ƙafa, ina lalube, bakina yana karanto duk addu'ar da na sani, wasu ma rabi-rabi.

“Ke wannan, kina ganin turakun?” in ji Inna daga bayana.

“Ina gani, Inna.”

Muka ƙara gaba. Ruwa ya wuce gwiwa, ya kai cinya. Tsohuwar ta ce ba zai wuce gwiwa ba, ke nan mun saki hanya. Na juya dama, ya ƙara zurfi. Na juya hagu, ƙafata ta taɓa bakin wani abu mai santsi da ba shi da ƙasa, na janye da sauri. Na tsaya cik. Na waiga tunga, ta yi nisa. Na dubi jirgi, mutane sun yi cirko-cirko a gaɓa, wasu suna ɗaga hannu suna ihu, amma iska tana kwashe maganar. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba, ko a naƙudar fari.

“Har yanzu kina ganin su?”

“Ina gani.”

Na ɗaga ƙafa na taka inda nake zaton tudu ne. Ni na tsallake. Inna ce ba ta tsallake ba. Na ji zanena ya tsuke ni a ƙugu, na juyo, sai kanta kawai na gani da ɗankwali yana yawo a gefe. Damin ya faɗi, ban san lokacin da na sake shi ba. Na cafko wuyan hannunta da hannu biyu, na ja, laka tana zame mini, ni ma ina bin ta a hankali. Ruwa ya kai mini ƙirji. Ta nutse, ta ɓullo tana tari.

A nan ne ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, karo na farko a rayuwata. Ta ce, “Sake ni. Kina da ɗiya ƙanana. Sake ni, na ce!”

Na kurma ihu. Ban san me nake cewa ba, na dai san ban saki ba, kuma na san ƙafafuna ba za su ƙara riƙe mu na minti ɗaya ba.

Sai ga tsohuwar nan. Tana kwance rub da ciki a kan ƙatuwar gora, tana iyo da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana turo damin itacen nan a gabanta. Ashe bayan mun fito ta hau tudu don ta ga wucewarmu, ta duba ba ta ga turke ko ɗaya ba. Ta zame daga kan gorar, ta cusa ta ƙarƙashin ƙirjin Inna, ta ce, “Rungume, 'yar'uwa. Rungume da kyau.” Ta ja ni da wuyan riga baya, taki uku kacal, sai ga ruwa a gwiwata. Taki uku ne tsakaninmu da hanya.

Ta kwance damin, ta danƙa mini sandunan a hannu. Ta ɗaura igiyar gorar a ƙugunta ta shiga gaba, tana lalube da yatsun ƙafa.

“Miƙo,” in ji ta.

Na miƙa. Ta kafa, ta danna da nauyinta. Muka yi gaba kaɗan.

“Miƙo.”

Haka muka yi ta yi, Inna tana bisa gora tana tari, ni ina miƙa itacen da na tsinta ɗaya bayan ɗaya, ina kuka kamar yarinya. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Sai da muka kusa gaɓa ta juyo ta dube ni.

“Baƙuwa, abin da kinka iske tsaye, ba ki tambaya wa ya tsai da shi? Matanmu na gona, da goyo. Nan za su biyo in an jima.”

Na ce, “Iya, ki yafe mini.”

Ta karɓi sauran sandunan, ta saɓa a kafaɗa, ta juya cikin ruwa don ta kafa rabin da ya rage. Maza suka sauko suka ɗauki Inna. Mai jirgi bai tashi ba, ko da la'asar ta wuce. Babu wanda ya yi dariya.

Mata suka ba Inna busasshen zane, suka lulluɓe ta. Inji ya tashi. Na zauna a gefenta ba takalmi, ina kallon tsohuwar tana ƙanƙancewa a tsakiyar ruwa, tana sunkuyawa tana miƙewa. Da tunga ta ɓace, na juya wajen Inna.

“Inna, ƙarya na yi miki. Ba na ganin komai. Turakun suna kaina.”

“Na sani,” in ji ta. “Tun a ƙofar gida na gane. Kuma ina jin su suna ƙara bisa kanki.”

“Kin sani? To don me kika biyo ni? Don me ba ki tona ni ba?”

“In tona ki gaban baƙi?” Ta gyara lulluɓi. “Kuma na san wadda na haifa. Ko na tsaya, ke ba ki tsayawa. Da ki shiga ke ɗaya, gara a ce ina riƙe da zanenki.”

Na kifa kaina a cinyarta. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta ture ni da gwiwa.

“Ke wannan, tashi, kin jiƙa mini zanen mutane.”

Shekara shida ta ƙara a duniya bayan wannan, kuma ba ta sake kiran sunana ba.