Dakta Sharhabilu Yahuza da Hazon Watan Zuhal

Haihuwarsa

An haifi marigayi Dakta Sharhabilu a garin Wudil cikin damina ta shekarar 1953. Mahaifinsa shi ne Malam Yahuza Maiɗinki, mahaifiyarsa kuwa Malama Huseina, 'yar Dagumawa. A daren da aka haife shi an ji wata ƙara daga bakin kogi kamar tafasar babbar tukunya, dattawa suka ce alama ce ta ɗaukakar jaririn. Ya kamata tarihi ya sani cewa a wannan daren aka haifi wani jaririn a gidan Ƙasimu masunci, wanda ya fi kusa da kogin, aka sa masa suna Yahuza, kuma shi ne mai wannan rubutu. Ba wanda ya danganta ƙarar da shi.

Karatunsa

A shekarar 1960 aka sa yaran biyu firamare, suna zama benci ɗaya. Saboda sunan abokin nasa ya zo ɗaya da na mahaifinsa, Sharhabilu bai taɓa furta shi ba, sai dai ya ce Mai Sunan Baba. A wannan zamanin ne Yahuza ya gano cewa ƙarar nan iska ce take ɓulɓulowa daga ruɓaɓɓen taɓo, ya tara ta a kwalba, ya ƙyasta mata ashana ta kama, Sharhabilu yana tsaye nesa don tsoro. A 1964 aka cire Yahuza daga aji biyar domin ya riƙe wa mahaifinsa kwalekwale, alhali shi yake zuwa na ɗaya a lissafi. Sharhabilu ya wuce sakandare a Kano a 1967, sannan jami'a a Zariya, inda ya karanta ilimin sinadarai, daga bisani ya tafi Turai ƙarin ilimi.

Aure da zuri'a

A 1978 ya auri Hajiya Barakatu, mace mai haƙuri da karamci. Ɗansu na fari an sa masa Yahuza, ana kiransa Abba. Wasu sun zaci abokin aka yi wa takwara, amma ba haka ba ne.

Aikinsa

Marigayin ya ƙarar da rayuwarsa a kan wani wata mai suna Taitan, wanda yake kewaya Zuhal, duniyar nan mai zobe. Wani hazo mai launin ruwan goro ya lulluɓe watan har ba a ganin ƙasarsa, ga shi babu wuta a can, babu itace, balle hayaƙi. Da ya zo hutu a 1982, ya zauna a ɗakin bandar kifi na Yahuza ya bayyana masa wannan mushkila. Yahuza ya nuna masa rufin ɗakin, ya ce kunkunniya ba ta taruwa a bakin murhu, can sama take haɗuwa, ƙwaya ta manne wa ƙwaya, sai ta yi nauyi sannan ta zubo kan kifi, don haka a nemi asalin abin a sama. Marigayin ya rubuta wannan a bayan ambulan.

Abin da masana suka tabbatar shi ne, samaniyar watan cike take da iskar naitirojin da kuma mitan, wato irin iskar nan ta taɓon kogi. Can ƙololuwa hasken rana yake farfasa su, gutsattsarin su haɗu su zama sababbin sinadarai, waɗannan su sake ƙulluwa da juna kamar sarƙa, har su zama ƙwayoyi masu maiƙo, su cure, su yi ta saukowa sannu a hankali. Marigayin ya zuba iskokin biyu a tulun gilashi, ya sakar musu tartsatsin lantarki, bayan kwana tara jikin tulun ya yi ja-ja. A kan wannan aka yi ta gayyatarsa ƙasashe, ya hau jirgin sama fiye da sau talatin. Yahuza bai taɓa wuce Kaduna ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya yi ritaya a 2018, ya dawo Sabon Garin Wudil da zama. A 2021 ya wallafa littafi da Hausa a kan hazon, kuma a gabatarwarsa ya yi godiya ga "wani masunci na Wudil, wanda rufin ɗakinsa ya buɗe mini ido". Yahuza ya same shi har gida, bayan doguwar gaisuwa ya roƙi a sa sunansa cikakke idan za a sake bugu, domin jikokinsa su sami abin nunawa. Marigayin ya yi dariya ya ce, "Mai Sunan Baba, abin da baki ya kasa shekara sittin, hannu ne zai iya?" An lura dai cewa sunan yana nan a bangon littafin da manyan baƙaƙe, na mahaifinsa. Ya yi alkawarin zai duba lamarin, sai rashin lafiya ta kwantar da shi.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara saba'in. An yi masa sutura bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar garin, Yahuza yana cikin waɗanda suka saka shi a kabari. Ya bar matarsa Hajiya Barakatu da 'ya'ya biyar: Abba, Khaulat, Mudassir, Jibril da Radiyya, da jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya sani da wanda ya manta.

Ranar sadakar uku, Mudassir ya karanta wa masu ta'aziyya gabatarwar littafin. 'Ya'yan duk sun san wanda ake nufi, amma sunan kakansu ne, ba sa faɗarsa, mutum kuma ba ya tashi a zaman makoki ya ce ni ne. Sai Malam Ɗantani, maƙwabcin da bai daɗe da tarewa a unguwar ba, ya dubi jama'a ya ce, "Wai shi wannan masuncin, yana raye kuwa?"